Mai Duban Sama da Malamin Duba

Bahaushe bai yi wa ido rowar kalmomi ba. Yana da gani, wanda kan faɗo wa mutum ko bai nema ba. Yana da kallo, wanda ake yi don nishaɗi, irin na dambe ko na hawan salla. Yana da hange da tsinkaye ga abin da ke nesa, da leƙe ga abin da aka sakaya, da harara ga wanda aka ƙi. Sa'an nan yana da duba, wato aikin ido idan hankali ya yi masa rakiya, domin da shi ne almajiri ke duba littafi, likita ya duba majinyaci, alƙali ya duba shari'a, jama'a kuma su fita bayan gari ranar 29 ga Sha'aban su dubi wata. Amma wannan kalma mai daraja ta gamu da tsautsayi a hanya, don kuwa da zarar an raba ta da abin da ake dubawa, aka ce wane yana duba, ko aka ce wance ta tafi wurin malamin duba, to, babu sauran littafi ko majinyaci a zuciyar mai sauraro, sai faifan rairayi da bugun ƙasa da neman sanin gaibu. Tsautsayin bai bar taurari ba, gama idan ka ambaci ilmin taurari a bakin kasuwa, abin da za a fahimta shi ne lissafin ko tauraron saurayi ya dace da na budurwa, da ranar da ta kamata a ɗaura aure ko a kama hanyar fatauci.

A ƙasashe da dama na duniya kuwa akwai wasu bayin Allah, cikinsu har da malaman makaranta da teloli da direbobi da 'yan fansho, waɗanda idan dare ya raba sukan ɗauki madubin hangen nesa da kyamara da ɗan littafin rubutu, su nufi inda hasken gari ba ya kaiwa, su kwana cikin sanyi suna bin wani tauraro guda, ba wanda ya aike su, ba kuma wanda zai biya su ko anini. Da ɗayansu zai kafa kayansa a bayan ganuwar Kano ko a kan duwatsun Damagaram, da masu wucewa sun ba shi ɗayan matsayi biyu: ko dai ɗan kwamitin ganin wata ne, ko kuwa hatsabibi ne mai hulɗa da rauhanai. Matsayi na uku, wanda shi ne nasa na gaskiya, harshenmu bai riga ya yanka masa suna ba, abin da ba shi da suna kuwa yana da wuya uba ya yarje wa ɗansa ya shiga cikinsa.

Alhali malaman farko sun riga sun yi mana rabon gado tun da daɗewa. Sun kasa sanin taurari gida biyu, suka kira ɗaya ilmin tasyiri, wato sanin tafiyarsu domin gane alƙibla da lokutan salla da hanyar matafiyi da shigowar damina, suka halatta shi, wani sashensa ma suka ce wajibi ne a sami mai tsayuwa da shi a cikin al'umma. Suka kira ɗayan ilmin ta'asiri, wato da'awar cewa taurari na da hannu cikin arziki da tsiya da ajali, suka yi hani da shi hani mai tsanani. Sai dai a ƙasarmu gidajen nan biyu sun daɗe suna amfani da ƙofa ɗaya. Shehu Muhammadu al-Katsinawi, gwanin hisabi da hatimai, wanda ya bar Katsina ya yi hajji ya zauna a Alƙahira har ya rasu a can a 1741, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar, ya bar littafinsa Durrul Manzumi, wanda tun daga sunansa ya gwama ɗalasimai da taurari. Bayansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa Tanbihu Ahlil Fuhumi yana gargaɗin a nisanci masu rufa-ido da masu duba da taurari. Kuma shi wannan Bello ɗin ne, sa'ad da Baturen nan Clapperton ya iso Sakkwato a 1824 ya shimfiɗa masa taswirar sama, ya nuna burujai goma sha biyu duka, ya kira taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Da Baturen ya komo zuwa na biyu ya kawo masa littafin Iƙlidisu na handasa, sai Sarkin ya shaida masa cewa da ma gidansu suna da kwafi da aka zo da shi daga Makka, gobara ce ta cinye shi. Mutum ɗaya ne ya yi hanin, shi ne kuma ya san sunayen, bai ga wani karo a tsakani ba. Mu ne daga baya muka riƙe hanin da ƙarfi muka saki sunayen.

Ba duka muka saki ba, a yi adalci. Har yanzu akwai malaman zaure, musamman a ƙasar Sakkwato da Katsina, masu riƙe da lissafin manzilolin wata 28, kowace kwana 13 in ban da guda mai 14, abin da ya haɗa kwana 365, manomi kuwa yakan tsaya ya tambaya ko an shiga Haƙ'a ko Han'a ko Zira'a kafin ya amince wa ruwan da ya sauka ya zuba irinsa. Akwai kuma sunayen da ba su bi ta allo ba, waɗanda tsofaffi mata ke nuna wa jikoki a tsakar gida: Kaza da 'Ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya, Zara matar wata, mai fitowa bayan magariba, Gamzaki mai tashin asuba. Masu lissafi sun tabbatar cewa tauraruwar yamma da ta asuba abu guda ne, Zuhura ce take bayyana wani lokaci bayan faɗuwar rana, wani lokaci gabanin fitowarta, tana maimaita wannan zagaye cikin kwana 584. Wannan bai sa ɗayan sunayen ya zama ƙarya ba, domin kowannensu riwaya ce ta abin da ido ya gani a sa'ar da ya gan shi. Abin da ya rage kawai shi ne mai haƙurin da zai bi ta wata da watanni yana rubutawa, har ya ga da kansa yadda Zara ke nutsewa cikin hasken rana ta ɓullo ta gabas da wani suna.

Sunayen taurari matafiya ne, sun fi fatake nisan zango. Abdurrahman as-Sufi ya kammala littafinsa na surorin taurari wajen shekarar 964 a ƙasar Farisa, inda ya gwama lissafin Baɗlamusu na Yunanawa da sunayen da Larabawan ƙauye ke kira, daga irin waɗannan littattafai ne kuma sunayen suka tsallaka Andalus suka shiga Latin, har ya zamana yau yaron da ya sayi madubi a Tokyo ko a Landan, idan ya ce Aldebaran ko Rigel ko Deneb ko Fomalhaut, Larabci yake yi bai sani ba: Dabaran mai bin Surayya, da Rijlu ƙafa, da Zanabu wutsiya, da Famul Huti bakin kifi. Wanda ya fi ba ni sha'awa cikinsu shi ne jan tauraron nan da ke kafaɗar taron da Larabawa ke kira Jauza'u ko Jabbaru, mai taurari uku a jere a tsakiyarsa, wanda ke hayewa sama da daren hunturu. Sunansa Yadul Jauza'i, hannun Jauza'u. Sai wani mai kwafe littafi a Turai ya ga harafin ya mai ɗigo biyu a ƙasa ya karanta shi ba mai ɗigo ɗaya, irin kuskuren da malaman hadisi ke kira tas'hifi, wanda duk wanda ya taɓa fama da tsohuwar takardar ajami ya san sauƙin aukuwarsa. Daga wannan ɗigo da ya ɓace aka sami Betelgeuse, sunan da ba shi da ma'ana a kowane harshe, ga shi kuwa ya zauna daram ƙarni bayan ƙarni. A ƙarshen 2019 tauraron ya dushe ƙwarai har aka yi ta raɗe-raɗin ko fashewa zai yi, kafin a gane ƙura ce da ya fitar ta kare shi. Abin da ya ba masana damar cewa wannan dushewa ta fita daban kuwa shi ne tarin ƙiyasin haskensa da masu sha'awa suka yi ta aikawa wata ƙungiya ta Amurka mai bin taurari masu sauya haske, wadda aka kafa tun 1911.

Akwai wani kuma da Larabawa suka kira Ra'asul Guli, Turawa suka taƙaita shi Algol. Wani saurayi kurma a birnin York na Ingila, John Goodricke, yana ɗan shekara 18, ya lura cewa haskensa na raguwa ya komo bisa ƙa'ida, ya auna ya sami kwana 2 da sa'a 20 da minti 49, ya kuma kawo shawara a 1783 cewa wani jiki ne mai duhu ke giftawa ta gabansa. Ya rasu yana da shekara 21, sai bayan fiye da shekara 100 aka tabbatar da maganarsa.

Tarihin wannan fanni cike yake da irinsa. William Herschel makaɗi ne mai koyar da kiɗa a garin Bath, da hannunsa yake goge madubansa, da ɗayansu kuma ya tsinkayi duniyar Yuranus daren 13 ga Maris 1781, ya zaci ma tauraruwa mai wutsiya ce. Ƙanwarsa Caroline, mai rubuta masa abin da yake gani, ita ma ta gano masu wutsiya 8. Amma idan ana neman wanda ya fi cancantar a kira shi limamin masu haƙuri, ni a wurina Heinrich Schwabe ne, mai kantin magani a Dessau ta Jamus, wanda ya fara zana baƙaƙen tabon da ke fuskar rana a 1826, yana fatan ya kama wata duniya da ake zaton tana kusa da rana fiye da Uɗaridu. Duniyar nan babu ita. Shekara 17 yana fita duk ranar da gari ya waye babu gajimare, yana ƙirga tabo yana rubutawa, har a 1843 ya duba littattafansa ya ga adadin na hawa yana sauka kusan duk shekara 10, abin da aka daidaita daga baya ya zama 11. Abin da ya fita nema bai samu ba, abin da ya samu kuwa ba a fuskar rana ya gan shi ba, domin babu wata rana guda da za a duba a ga zagayen shekara 11. A cikin rubutunsa ya gan shi. Har zamaninmu ƙofar ba ta rufe ba, gama a 30 ga Agusta 2019 Gennadiy Borisov, da madubin da ya haɗa da kansa a Kirimiya, ya gano tauraruwa mai wutsiya ta farko da aka tabbatar daga wajen iyalin rana ta zo.

To, sai hoto ya shigo, ya dagula ma'anar gani dagulawar da har yanzu ba ta kwanta ba.

Idon ɗan Adam ba ya ajiya. Hasken da ya shige shi yanzu, kafin ƙiftawa ya zubar da shi ya karɓi wani, saboda haka ko mutum ya kwana yana zura wa wuri ido, abin da ya fi ƙarfin ganinsa a minti na farko ya fi ƙarfinsa har asuba; iyakar abin da zai samu shi ne ƙarin kaifin da ido ke yi bayan kamar rabin sa'a cikin duhu, wanda hasken waya guda ke rushewa nan take, shi ya sa masu wannan harka ba sa kunna fitila sai ja. Kyamara kuwa kamar randa ce da aka kafa a ƙarƙashin indararo, ɗigon da ya faɗa ba ya fita, idan aka bar bakinta a buɗe sa'a guda sai ta tara hasken sa'a guda. Wahalar ita ce sama ba ta tsayawa a yi mata hoto: ƙasa na juyawa daraja 15 kowace sa'a, don haka sai an ɗora kyamarar a kan wata ƙafa mai inji wadda aka saita da tauraron arewa, tana juyawa a hankali daidai da juyawar falaki, in ba haka ba kowane tauraro ya zama zare. Henry Draper, likita a Amurka, shi ya fara ɗaukar gajimaren hasken da ke cikin Jabbaru a 30 ga Satumba 1880, da buɗewar kusan minti 50. Bayan shekara 3 Andrew Common, injiniyan magudanan ruwa a Landan, ya ɗauki wurin nan a bayan gidansa, sai ga taurari a hoton waɗanda ba a ganinsu da ido ta cikin madubin da ya ɗauke su. A 1888 kuma Isaac Roberts, ɗan kwangilar gine-gine, ya buɗe kyamararsa sa'a 4 a kan wani ɗan tabo fari wanda as-Sufi ya ambata da ƙaramin gajimare shekara 900 kafin nan, sai tabon ya fito a murɗe, mai hannuwa, abin da muka sani yau tarin taurari ne na Andromeda, wanda haskensa ke tafiyar shekara miliyan 2 da rabi kafin ya iso.

Mai ɗaukar hoton sama na yau ya wuce nan. Yakan ɗauki hotuna ɗari ko ɗari biyu na wuri guda, ya ɗauki wasu da murfin kyamara a rufe domin ya san ƙazantar da na'urar kanta ke haifarwa ya cire ta, sa'an nan kwamfuta ta jera su bisa juna ta fitar da guda, shi kuma ya zauna yana jan hasken da ya raunana har ya bayyana. Jan launin da ake gani a hotunan gajimaren Jabbaru na gaskiya ne, hasken iskar haidurojin ne, sai dai idon mutum cikin duhu ba ya rarrabe launi, toka-toka yake ganin wurin. Wasu hotunan kuma launinsu na aro ne, an ba kowace iska launin da aka ga dama domin a bambanta ta da 'yar'uwarta. Shin wanda ya yi wannan aiki ya ga abin, ko kuwa labarinsa na'ura ta ba shi? Mu da muka gaji zancen cewa gani ya kori ji, ga wani gani ya zo wanda shi kansa ji ne, domin ta bakin wani aka karɓo shi.

Wannan tambaya ba ta masu hutu kaɗai ba ce, ta taɓa azuminmu. Masanin Faransa André Danjon ya nuna tun shekarun 1930 cewa idan tazarar wata da rana ba ta kai wajen daraja 7 ba, ido ba ya iya ganin jinjirin wata. Amma ranar 8 ga Yuli 2013 wani injiniya Bafaranshe mai sha'awar hoton sama, Thierry Legault, ya ɗauki hoton jinjirin da hantsi, a daidai lokacin haɗuwarsa da rana, tazararsu ba ta kai daraja 5 ba, ta hanyar kare hasken rana da tace wani haske da ido ba ya gani. Watan nan shi ne ya zama Ramadan na 1434, mutanen Makka kuwa ba su ɗauki azumi ba sai ranar 10. Hoton gaskiya ne, watan yana nan inda aka nuna shi; amma ru'uyar da fuƙaha'u suka rataya hukunci a kanta, shin ta ƙunshi abin da babu idon da zai iya riska? Hukuncin wannan na Sarkin Musulmi ne da malaman da ke tare da shi, ba na mai maƙala ba. Abin da nake iya faɗa shi ne mai madubi yana da hidimar da zai yi wa masu duban wata ko da ba a karɓi hotonsa hujja ba: ya gaya musu inda za su zuba ido da tsawon mintocin da watan zai yi kafin ya faɗi, ya rarrabe musu jinjiri da siririn gajimare ko hayaƙin jirgin sama, idan kuma lissafi ya nuna watan ya riga rana faɗuwa a daren, ya faɗa da ladabi cewa abin da aka gani wani abu ne daban.

A nan ne nake ganin maganin tambayar yake, kuma a cikin kayan malamanmu yake tun da can. Ba su taɓa cewa ji ba shi da amfani ba, ai da ji addini ya iso mana. Abin da suka shar'anta shi ne a san mai riwaya, a san adalcinsa da kiyayewarsa, a san daga wa ya karɓa. Hoto riwaya ne, yana bukatar isnadi. Mai ɗaukar hoton sama na ƙwarai ba ya sakin hotonsa sai ya rubuta a ƙarƙashinsa rana da sa'a da wuri, da irin madubin, da tsawon buɗewa, da abin da ya yi wa launi, domin wani a wata ƙasa ya maimaita ya gaskata shi ko ya ƙaryata shi. Hotunan da ke yawo a WhatsApp da Facebook kuwa, na wata ya cika rabin sama a bayan hasumiya, ko na jinjirin da aka ce an gani a wani gari ba sunan mai ɗauka ba lokaci, hukuncinsu hukuncin hadisin da ba shi da asali. Bambancin mai duban sama da malamin duba ma daga nan ya taso: na farko yana faɗin yadda ya yi, yana roƙon a bincike shi, yana murna idan wani ya maimaita, na biyu jarinsa sirri ne, ranar da aka gane yadda yake yi kasuwarsa ta watse.

Wannan ladabi na rubuta rana da wuri shi ne ya haɗa mai taurari da sauran danginsa masu sha'awar binciken halitta, ko da kayan aikinsu sun bambanta. Antonie van Leeuwenhoek, mai sayar da yadi a Delft ta Holan, da ya ga ƙananan halittu suna iyo cikin ɗigon ruwa ta gilashin da ya goge da kansa, masanan Landan suka yi shakka, sai ya tara mutum 8 masu mutunci, cikinsu har da limaman coci, suka leƙa suka sa hannu, ya aika da shaidarsu a 1677. George Symons ya fara tattara awon ruwan sama daga masu sa kai a Birtaniya a 1860, kafin rasuwarsa a 1900 sun haura 3,000, kowa da mazubinsa a bayan gida. Guy Callendar, injiniyan tururi, a lokacin hutunsa ya tattara awon zafi na tashoshi 147, ya nuna a 1938 cewa duniya na ɗumama, ya danganta abin da hayaƙin da ake ƙonawa, aka yi masa kallon mai shisshigi. Grote Reber, mai wasa da rediyo, ya kafa faranti mai faɗin mita 9 a filin gidansu kusa da Shikago a 1937, ya zana taswirar sama ta farko da sautin rediyo. Gabaninsu duka akwai Ibnu Yunusa na Alƙahira, wanda ya rasu a 1009, ya rubuta husufin da ya gani da tsayin rana a lokacin da kyau har Simon Newcomb na Amurka ya yi aiki da awonsa a ƙarni na 19 wajen gyara lissafin tafiyar wata.

Mu ma muna da abin rubutawa. Kowane ƙauye ya san shamuwa na zuwa gabanin damina, dattawa kuma suna cewa ruwa ya sauya hali tun farin 1973 da na 1984. Amma da a ce wani malamin firamare a Gumel ko Tasawa ya riƙe littafi shekara 30 yana rubuta ranar da shamuwar farko ta sauka a kan kuka, da ranar ruwan shuka, da yawan abin da mazubi ya tara, da littafin nan ya fi ƙarfin gardamar kowa. Haka tsuntsayen da ke ƙetaro hamada daga Turai su yi hunturu a fadamun Haɗeja da Nguru, ba su rasa masu gani ba, masu ƙirgawa suka yi ƙaranci.

Misalin da ya fi kusa da mu ya faɗo ne daga sama a zahiri. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani manomi a Zagami, cikin lardin Katsina, yana korar tsuntsaye daga gonarsa, ya ji ƙara mai firgitarwa, sai ga dutse mai nauyin kilo 18 ya nutse cikin ƙasa 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye. Da yake an san ranar an san wurin, aka ba dutsen sunan garin, bisa al'adar masana ta kiran irin waɗannan duwatsu da sunan inda suka faɗi. Daga baya aka gwada iskar da ta maƙale a cikinsa da wadda kumbon Viking ya auna a duniyar Mirrihu a 1976, aka tabbatar daga can ya fito, har aka liƙa ɗan ɓarɓashinsa a jikin wani kumbo da aka harba zuwa Mirrihu a 1996. Yau babu ɗakin binciken duwatsun sama da ba a san kalmar Zagami ba. Gwada shi da wanda aka tsinta a yankin Agadas a Nuwamba 2023, shi ma daga Mirrihu, mai nauyin fiye da kilo 24, wanda ya bi hannun dillalai har aka yi gwanjonsa a birnin New York a Yuli 2025 kan dala miliyan 5 da 'yan kai, gwamnatin Nijar kuma ta buɗe bincike kan yadda ya fita ƙasar. Sunansa NWA 16788, haruffan da ke nufin arewa maso yammacin Afirka kawai, sai lamba. Na Katsina ya tafi da sunan garinsu saboda an yi shaida. Na Agadas ya tafi da lambar rajista.

Samanmu kuwa ba abin rainawa ba ne. Kano tana daraja 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka mai tsayuwa a nan yana ganin taurarin arewa duka, yana kuma ganin Suhailu da taurarin kudu huɗu masu siffar gicciye, waɗanda mutumin Landan ba zai taɓa gani daga gidansa ba komai tsadar madubinsa. Taswirar hasken dare da Fabio Falchi da abokansa suka fitar a 2016 ta nuna kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farin zanen nan da ya keta sama, wanda Larabawa ke kira Majarra, saboda fitilun birane, ta kuma sa Chadi cikin ƙasashen da darensu ya fi tsabta. Abokan gabarmu biyu ne, gajimaren damina da hazon hunturu mai tasowa daga kwarin Bodele; tsakaninsu akwai 'yan makonnin kaka, da dararen da ruwa ya ɗauke ya wanke sama, waɗanda ko da ƙaramin madubi mai ido biyu irin na mafarauta mutum zai ga ramukan wata da 'ya'yan Mushtari huɗu, ya kuma ga cewa 'ya'yan Kaza sun fi gaban shida ko bakwai ɗin da ake ƙirgawa.

Ranar Laraba 29 ga Maris 2006 inuwar wata ta bi ta kan Gusau da Katsina da Maraɗi, gari ya yi duhu da hantsi fiye da minti 3, aka yi sallar kusufi, kaji suka nufi akurki, baƙi kuma suka zo daga nesa da kayan awonsu. Masu hisabi sun riga sun ba da ranar da za ta komo Nijeriya: Litinin 20 ga Maris 2034, da hantsi, inuwar za ta shigo ta Legas, ta keta tsakiyar ƙasar ta nufi arewa maso gabas, ta wuce arewacin Kamaru da Chadi da Sudan da Masar, sauran ƙasar Hausa kuma za ta ga mafi yawan rana a rufe. Ina roƙon malaman makarantu, na boko da na allo, su fara shirya yaransu tun yanzu. A koya musu kada su dubi rana da ido tsirara, ko da baƙin tabarau, balle ta cikin madubi, sai da matacin da aka yi don haka, ko kuwa su huda takarda su dubi surar rana a ƙasa. A ba kowane yaro agogo ko waya da takarda, ya rubuta minti da aka fara da minti da aka gama, da yadda iska ta sauya, da abin da dabbobi suka yi, ya sa sunansa da sunan garinsu, makaranta kuma ta adana takardun.